Waiwaye: Tikitin da aka yanka a Asaba, ƙuri'ar da aka kaɗa a Kafanchan

Ranar Litinin, 30 ga watan Mayu na 2022, jam'iyyar Leba ta yi taron fidda gwani a Asaba, babban birnin jihar Delta, ta miƙa wa Peter Obi tikitin takarar shugaban ƙasa. Ranar 25 ga watan aka ji labarin ficewarsa daga PDP, inda ya riga ya sayi fom har an tantance shi. Ranar 27 ya shiga Leba. Da aka hallara a zauren taro, Farfesa Pat Utomi ya janye masa, sauran masu neman tikitin su ma suka ja da baya. Ƙuri'un daliget ɗin da suka tabbatar da shi ba su kai ɗari ba.

Bayan wata tara, ranar 25 ga Fabrairun 2023, wannan ɗan takara ya samu ƙuri'a 6,101,533 a faɗin Najeriya. A jihar Kaduna kaɗai ya samu 294,494, kuma kaso mai tsoka daga kudancin jihar ya fito. Ya ci Jama'a, ya ci Kaura da Jaba da Zangon Kataf, ya ci Chikun. Duk wanda ya ga cincirindon da ya tarbe shi a Kafanchan cikin watan Janairun shekarar ya san ba hayar mutane aka yi ba. Mata sun bar kasuwa, matasa sun zo da kuɗin mansu, wasu da aljihunsu suka buga riguna da fastoci. Yankin da tun 1999 ake ƙirga shi a jakar PDP ya juya cikin 'yan watanni.

Dalilan a fili suke. Shekaru aka yi ana binne mutane a ƙauyukan Kajuru da Kaura da Zangon Kataf, jama'a suna ganin ba a ɗauki kukansu da nauyin da ya kamata ba. Tun rasuwar Gwamna Patrick Yakowa a hatsarin jirgi mai saukar ungulu cikin Disambar 2012, mutanen yankin ke jin an yi nesa da su a Gidan Gwamnati. Ga batun tikitin addini ɗaya na APC, a jiha da kuma tarayya. Ga kuma Yusuf Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya, a matsayin mataimaki, abin da ya sa tafiyar ta zama ta 'yan jihar Kaduna ta wata fuskar. Ban ga laifin kowa ba don ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin mutanen da ba su kai ɗari ba a Asaba da dubban da suka yi layi a rana a Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa. Na farkon su ne suka yanke hukunci. Na biyun sun zo sun tarar an gama.

Yana da kyau a fahimci yadda doka ta tsara abin a lokacin. Tsarin mulkin Najeriya bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 84, ta ba jam'iyyu hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa. Akwai zaɓen daliget, inda 'yan jam'iyya za su zaɓi wakilai, su kuma wakilan su je babban taro. Akwai sasanci, wanda doka ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye sun amince da mutum ɗaya. Kowace hanya aka bi, sai jami'an INEC sun sa ido. Sashe na 77 kuma ya ce jam'iyya ta miƙa rajistar 'ya'yanta ga hukumar kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani.

A rubuce, tsari ne mai kyau. To amma 'yar tinƙe tana buƙatar rajista ta gaskiya, da shugabanni a kowace mazaɓa, da kuɗin kai kayan zaɓe ƙananan hukumomi 774. Ƙaramar jam'iyyar da ofishinta na jiha ɗaki biyu ne a saman shago ba ta da wannan ƙarfin. A lokacin sai ta zaɓi daliget ko sasanci, ta kira 'yan mutane daga kowace jiha, a kama zaure na yini ɗaya. Su waye waɗannan daliget ɗin, kuma wa ya zaɓe su? Sau da yawa shugaban jam'iyya na jiha ne ya rubuta sunayensu. Shi ya sa ainihin cinikin ke ƙarewa tsakanin mai neman tikiti da shugabannin uwar jam'iyya tun kafin a shimfiɗa kujeru. Har batun rajistar nan ya je kotu bayan zaɓe, aka ce ta yaya wanda ya shigo kwana uku kafin taro zai kasance a rajistar da aka miƙa wata guda baya. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, a hukuncinta na 6 ga Satumban 2023, ta ce zama ɗan jam'iyya lamari ne na cikin gida, ba hurumin abokan hamayya ba ne.

Kada wani ya ɗauka manyan jam'iyyu sun fi tsabta. Fom ɗin APC naira miliyan 100 aka sayar da shi a shekarar, na PDP miliyan 40. Mutanen kudancin Kaduna ba su manta da daliget ɗin PDP daga ƙaramar hukumar Sanga ba, wanda ya dawo daga taron Abuja ya raba miliyoyin nairar da 'yan takara suka ba shi ga marayu da mabuƙata. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Amma labarinsa ya nuna wa kowa farashin ƙuri'ar daliget ɗaya. Bambancin shi ne babbar jam'iyya, duk da dattinta, tana da shugaban mazaɓa da ake sani a unguwa, wanda za a iya tarewa a bakin masallaci ko coci a tambaye shi. Ƙaramar jam'iyya ko wannan ba ta da shi.

Ba Leba kaɗai ba ce. A Oktoban 2018 Donald Duke ya kayar da Farfesa Jerry Gana a zaɓen fidda gwani na SDP, kotu ta ƙwace ta ba Gana, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa Duke, ana cikin haka shugabannin jam'iyyar suka ce sun koma bayan Buhari. A 2022 ADC ta tsayar da Dumebi Kachikwu a Abeokuta bayan ya doke Kingsley Moghalu, ba a yi wata uku ba shugabanninta suka ce sun dakatar da shi. A NNPP kuwa Rabi'u Musa Kwankwaso ba shi da abokin karawa. A zaɓen 2019 mutum 73 ne suka tsaya takarar shugaban ƙasa, kuma a Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74.

Abin da ya fi ba ni takaici game da Leba shi ne asalinta. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ce ta haife ta a 2002, don ma'aikaci ya samu inuwar kansa. Kafanchan kuwa garin ma'aikata ne tun fil'azal. Mahaɗar layin dogo ce ta raya shi tun shekarun 1920, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos, mutane suka zo daga ko'ina suka zauna saboda reluwe. Garin da ya san ƙungiya da taron reshe da biyan kuɗin wata-wata tun zamanin Turawa. Ga malaman makaranta, ga ma'aikatan jinya, ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, ga manoman citta na Kachia da Jaba masu ƙungiyoyinsu. Da a ce jam'iyyar ta yi shekara ashirin tana gina rassa a cikin waɗannan, da ranar da za a fitar da ɗan takara akwai dubban masu kati a kudancin Kaduna da za a tambaya. Ba ta yi ba. Ban da jihar Ondo, inda Olusegun Mimiko ya hau mulki da tutarta a 2009, ta zauna ne tana jiran baƙo.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Mako uku bayan zaɓen shugaban ƙasa, ranar 18 ga Maris, aka yi na gwamna. Ɗan takarar Leba, Jonathan Asake, ɗan yankin ne, tsohon ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Zangon Kataf da Jaba, kuma tsohon shugaban SOKAPU, ƙungiyar al'ummomin kudancin Kaduna. Ƙuri'a 58,283 ya samu. Uba Sani na APC ya ci da 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Na san mutane da yawa lissafi suka yi, suka ga Ashiru ne ke da ƙarfin ja da APC, suka koma can, kuma lissafin ba na wauta ba ne. Sai dai ya tabbatar da cewa ƙuri'un Fabrairu na mutum ɗaya ne, jam'iyyar ba ta da igiyar riƙe su, ba ta ma da dandalin da za a zauna a yanke shawara tare ko a tsaya ko a janye.

Kujerun da guguwar ta kawo su ma ba su daɗe ba. Donatus Mathew, ɗan acaɓar da ya kayar da Gideon Gwani a kujerar majalisar wakilai ta mazaɓar Kaura har labarinsa ya zagaye ƙasa, ya sauya sheƙa zuwa APC a Disambar 2024. Ekene Adams na Chikun da Kajuru ya rasu a Yulin 2024, kuma APC ce ta ɗauki kujerar a zaɓen cike gurbi. A uwar jam'iyyar Leba kuma rikicin shugabanci ya ɓarke, da farko tsakanin Julius Abure da Lamidi Apapa, daga baya a Satumban 2024 wani taro a Umuahia ya naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Sanata Nenadi Usman, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta wakilci yankin a majalisar dattawa daga 2011 zuwa 2015. Aka yi ta hawa da sauka a kotuna har Kotun Ƙoli, wadda a Afrilun 2025 ta ce shugabancin jam'iyya lamari ne na cikin gida. To wane cikin gida, alhali babu rajistar da ɓangarorin suka yarda da ita, babu taron mazaɓa da za a koma a ce ga abin da 'yan jam'iyya suke so? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan takara ya ari jam'iyya, jam'iyya ta ari jama'arsa, kowa ya rabu da ɗan'uwansa a tsakar hanya.

Masu shekaru za su tuna 1993. Duk da sojoji ne suka ƙirƙiro SDP da NRC, tsarin da hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta shimfiɗa ya tilasta wa mai neman shugabancin ƙasa ya fara daga mazaɓarsa, ya wuce ƙaramar hukuma, ya wuce jiha, kafin babban taro. Ta nan Abiola ya isa babban taron SDP a Jos, Bashir Tofa ya isa na NRC a Fatakwal. Kuɗi ya yi aiki a lokacin ma, ba na musu. Amma ɗan jam'iyya na ƙauye ya san an fara da shi. Haka magoya bayan NEPU da PRP suka riƙe jam'iyyarsu shekara da shekaru cikin ɗauri da tsangwama, saboda katin nasu ne, reshen nasu ne, kuɗin da ke tafiyar da shi daga aljihunsu ya fito.

Ina da yaƙinin cewa mutanen kudancin Kaduna sun fi ƙarfin a riƙa kawo musu ɗan takara a dafe. Yankin da ke da masu ilimi haka, da ƙungiyoyin ci gaban gari a kusan kowace masarauta, da matasan da suka nuna za su iya kare ƙuri'arsu a rumfa har dare, ba abin da zai hana shi cika rajistar kowace jam'iyya ya ga dama.

Don haka, ya ɗan'uwa mai karatu, in akwai jam'iyyar da ta kwanta maka a rai, babba ko ƙarama, je ka yanki katinta tun kafin kakar zaɓe. Nemi a nuna maka sunanka a rajistar mazaɓarku. Tambayi ranar taron mazaɓa, ka je da maƙwabtanka, Musulmi da Kirista, ku san wanda za a tura da sunanku. In shugabannin suka ce za su fitar da ɗan takara a wani zaure mai nisa ba tare da jin ta bakinku ba, ku gaya musu tun a lokacin cewa 'yar tinƙe kuke so, kuma a Kafanchan za ku yi layinku.