Kafin ka sayar da tunkiya don "Core i7", tsaya ka karanta wannan



Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma dole a faɗa. Duk wanda ya ce kwamfutarsa ta fara nauyi, PES na tsayawa, GTA na kakkatsewa, amsa biyu ake ba shi a bakin shago: "ƙara RAM", ko "sayar ka sayi Core i7". Amsoshin nan biyu sun cinye kuɗin samari da yawa a nan Zakirai da ƙauyukan Gabasawa. Kuɗin nan kuwa kun san daga ina yake fitowa: gyaɗa ko riɗin da aka sayar bayan kaka, ko tunkiyar da aka shekara ana kiwo. Wani ma gidan gem ya buɗe, da ita yake cin abinci.

Mu fara da sitikar i7. Wallahi sitika ba ta buga gem. Lambar da ke bin sunan ita ce magana, don ita ke nuna zubin furosesa. i7-2600 ta fito a 2011, i7-3770 a 2012. Ƙaramar i3-10100 ta 2020 ta fi su duka gudu. A laftof abin ya fi ban haushi. Ɗauki HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa: mai i5-6300U da mai i7-6600U duk ƙwaƙwalwa bibbiyu gare su, kuma duk hotonsu ɗaya ne, Intel HD 520. Ka sayar da mai i5, ka yi ciko ka karɓi mai i7, ka dawo gida ka tarar gem ɗin yana nan yadda ka bar shi. Me ka saya? Sitika.

Sai RAM. RAM tana taimako ne idan wadda kake da ita ta cika. Gwajin kyauta ne: kunna gem, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance ka duba. In ta kusa cikewa, to ƙari zai yi amfani. In rabi ma ba ta kai ba, matsalarka tana wani wuri. GTA V da ya zo kwamfuta a 2015, 4GB ne mafi ƙarancin abin da yake nema, 8GB kuma shi ne abin da masu shi suka ba da shawara. Daga 4 zuwa 8 za ka ga canji. Daga 8 zuwa 16 don PES 2017, asara ce kawai.

To me za ka yi? Ga yadda ya kamata kuɗinka ya bi layi.

Na farko, zafi da ƙura. Wannan shi ne abin da ba a faɗa maka, don babu riba a cikinsa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Furosesa in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa gem ke tafiya lafiya minti goma na farko, daga baya ya fara ja. Sauke HWMonitor ka ga zafin da idonka. A buɗe ta, a share fanka da ramukan iska, a goge tsohon man da ke kan furosesa a shafa sabo. Kuma don Allah a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shaƙar iska.

Na biyu, SSD. Tsohon faifan ajiya mai juyawa yana karanta wajen 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA kuma wajen 500MB. Ba zai ƙara wa hoto kyau ba, kar wani ya ruɗe ka. Abin da zai yi shi ne Windows ta tashi da sauri, gem ya buɗe da sauri, kakkatsewar da ake samu in ana gudu da mota a GTA ta ragu. In na hannu za ka saya, a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo a gabanka.

Na uku, RAM, in gwaji ya nuna ana buƙata. Guda biyu masu 4GB sun fi guda ɗaya mai 8GB, musamman a laftof da ba ta da katin hoto na daban, don daga RAM take aron wurin aiki, kuma hanya biyu ta fi ɗaya saurin wucewa. Ka san irin taka kafin ka hau mota: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, laftof ta zubi na huɗu kuma DDR3L take so.

Na huɗu, katin hoto, wanda shi ne ainihin injin gem. A nan ka buɗe kunne. Kusan duk laftof da ke hannun mutanenmu, hotonta a like yake da bod, ba ya ciruwa. Duk wanda ya ce zai sa maka "girafik" a irin wannan laftof, ko ya tura maka manhajar da za ta ƙara shi, kuɗinka yake so. Kwamfutar tebur ita ke karɓar kati. Tsofaffin na ofis irin Dell OptiPlex 7010 ko 9020, ko HP EliteDesk 800 G1, in ka sa musu GTX 750 Ti ta 2014, ko GTX 1050 Ti ta 2016, ko GTX 1650 ta 2019, sun zama abin buga gem. Katunan nan ba sa wuce wat 75, yawancinsu daga ramin bod suke shan wuta ba sai da wata waya ba. Wannan ya dace da mu masu janareta da sola, don kati mai cin wat 200 fetur ɗinka zai sha. Ka dai lura: in akwatin siriri ne, gajeren kati zai ɗauka, kuma a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin fawarsa.

Kar "4GB" da aka rubuta a kwali ya ɗauke maka hankali. GT 730 mai 4GB ba ta kama ƙafar GTX 750 Ti mai 2GB ba. Girman mangala daban, ƙarfin jaki daban. Akwai kuma na jabu: tsohuwar GTS 450 ta 2010 ake canza wa suna ta fito a matsayin 1050 Ti. In ka ga "1050 Ti" da shuɗin ramin VGA a jikinta, ajiye musu kayansu. Manhajar GPU-Z ma tana tona irinsu.

Na san wani zai ce, "Malam, ai sabuwa ta fi." Ta fi mana, wa ya musa? In kana da kuɗinta, Allah ya sa albarka. Da mai ƙaramin ƙarfi nake magana. Kuma akwai inda ni ma zan ce kar ka kashe ko sisi. In taka Core 2 Duo ce mai DDR2, bar ta da PES 2013 ɗinta, ta yi iya yinta. In FIFA 23 kake buri, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne GTX 1050 Ti da RAM 8GB, babu dabarar da za ta sa laftof ɗin ofis ta ɗauke shi. In ƙwallo kawai kake so, PS4 ta hannu za ta fi maka kwanciyar hankali. Ka kuma sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa. Saboda haka kar ka narka kuɗi mai yawa a tsohon bod.

In za ka shiga Kano sayayya, Farm Centre ne ko Beirut Road, tafi da filas ɗinka ɗauke da GPU-Z da CrystalDiskInfo da gem ɗin da kake bugawa. A haɗa a gabanka, ka buga ko na minti ashirin ne kafin ka miƙa kuɗi. Mai kayan kirki ba ya tsoron gwaji. Daga Zakirai kake, in ka dawo gida ka ga matsala, kuɗin motar komawa ma wata asara ce.

Mu kuma masu gyara da masu sayarwa, mu ji tsoron Allah. Yaro ya zo da kuɗin guminsa bai san komai ba, ka san fanka ce ta toshe, ka sayar masa da RAM. Wannan ba ciniki ba ne, cin amana ne, kuma gari ɗaya muke, gobe ma za a haɗu.

Wanda ke son shawara ya rubuto cikakkiyar lambar furosesarsa, yawan RAM, da gem ɗin da yake son bugawa. "Core i5 ce" kaɗai ba ta isa amsa ba.

Allah ya sa mu dace, ya tsare mana ɗan abin da muka tara.