Kwanon da ke bakin ƙofa

Yara, kullum da almuru almajiri yakan tsaya ƙofar gidanku da kwanonsa. Me kuke zuba masa?

Can nahiyar Asiya, a ƙasashen Tailan da Lawos da Miyanma, akwai mabiya addinin Buda. Shi Buda ya yi zamaninsa a arewacin Indiya, yau shekara wajen 2500. Malaman wannan addini ba su noma, ba su ciniki. Da sassafe sukan fito a jere, ba takalmi, kowa da kwanonsa. Ba su roƙo, shiru suke tafiya. Mutane ne ke jiran su a bakin hanya, su zuba masu shinkafar da aka dafa da safen nan. In rana ta yi tsaka, sun gama cin abinci sai gobe. Wannan kyauta ita suke kira dana. Su kuma malaman suna karantar da jama'a. A Miyanma, ƴaƴan talakawa da yawa a wurinsu suke koyon karatu.

Addininmu daban, nasu daban. Amma mu ma muna da zakka da sadaka, kuma tun kaka da kakanni da tuwon gidaje makarantar allo ta tsaya.

Nan Akokan ba mu da gonar hatsi, daga kudu ake kawo shi cikin mota. An gina garinmu domin ma'aikatan COMINAK, kamfanin da ya fara fitar da uraniyom a 1978. Ran 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ramin, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki. In tukunya ta ragu, almajiri ne ke fara kwana da yunwa.

Wasu suna cewa ba da abinci yana ƙara bara. Da gaskiyarsu, domin ciyar da ɗa nauyin mahaifinsa ne. Amma yaron da ke ƙofa ba shi ya kawo kansa ba, kuma yunwarsa ba ta jiran manya su gama gardama.

Ni a ganina, kowane gida ya riƙe almajiri ɗaya, kamar yadda iyayenmu mata suka saba. A cire masa rabonsa tun tuwo yana da zafi, ban da wanda ya kwana ya yi tsami. In an aike ku da shi, ku gaishe shi, ku tambayi sunansa, ku miƙa masa da hannun dama.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.