GIGIN TSUFA BA MAITA BA NE

A ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, in tsohuwa ta fara fita da dare tana neman gidan iyayenta, ko ta ce jikoki sun sace mata kuɗi, sai a ce aljanu ne, ko kuwa mayya ce. Daga nan sai a kulle ta a ɗaki, wani lokaci har da ɗauri. Mu dai a ganinmu wannan zalunci ne wanda rashin sani ya haifa.

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da bayanin wata mata da ta rasu da irin wannan ruɗewa. Da ya duba ƙwaƙwalwarta ya tarar ta lalace. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki su ma sukan jawo shi. To, wadda ta manta inda ta ɓoye kuɗinta, me zai hana ta zaci sata?

Amma faɗa da yawo da ƙin abinci, sau da yawa akwai wani dalili a ƙarƙashinsu. Ko haƙori ne ke ciwo, ko ciki ya ɗaure, ko fitsari na zafi, ko ƙishirwar bazara. Tsoho ya rasa kalmar da zai faɗa, sai ya faɗa da hannu. Mai yanar ido yakan ga inuwa da magariba ya ɗauka mutum ne. Sake masa ɗaki, da hayaniyar biki, da yi masa gardama, duk suna ƙara firgita shi.

Malaman makaranta da akawunan ƙaramar hukuma, ku jama'a ke tambaya. Ku koya wa masu jinya su lura da lokacin da rikicin ke tashi, da abin da ya gabace shi. A kunna masa fitila, a bar shi da fuskokin da ya saba. In ruɗewa ta ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu, a hanzarta kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, don galibi wata cuta ce ta shigo, mai jin magani.

Ciwon kansa ba a sami maganin warkar da shi ba tukuna, amma ƙishirwa da tsoro suna da magani a kowane gida. Mu tuna, duk wanda Allah ya ja kwanansa yana iya bin wannan hanya.