Jama'ar Dutsen Kura, Mu Raba 'Ya'yanmu da Tsoro, Mu Haɗa Su da Littafi

Gare ku iyayena da 'yan'uwana na Dutsen Kura Hausa da Dutsen Kura Gwari, da maƙwabtanmu na Fadikpe da Limawa da Bosso, a nan Minna. Wannan kira ne a kan abin da ke samun 'ya'yanmu tsakanin ƙarfe takwas na safe da lokacin tashi, sa'o'in da muke saki jiki muna cewa suna makaranta. Abu biyu ke cin yaranmu a firamare: rashin iya karatu da cin zali. Mun saba raba su, mu bar wa malamai na farko, mu kira na biyu wasan yara. Alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Yaron da ake yi wa dariya ba ya buɗe baki ya karanta, wanda bai iya karatu ba kuma shi ake fara yi wa dariya.

Ku leƙa aji huɗu na kowace firamare. Malama ta rubuta jimla a allo, ta nuna wata yarinya a bencin baya. Yarinyar ta miƙe, ta kama kalmar farko da ƙyar, ta maƙale a ta biyu. Wani daga gefe ya kwaikwayi muryarta, aji ya kwashe da dariya. Malama ta buga tebur, ta ce, "Zauna!" ta kira wani. Kafin a fita tara an raɗa mata suna: daƙiƙiya. Washegari ta ɓuya a bayan wata mai tsawo don kada a sake nuna ta. Ranar da ta biyo baya ta tashi da ciwon ciki, uwa ta aika kemis a sayo magani. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, amma an raba ta da karatu.

Ku fito bakin ƙofa lokacin tara, wajen mai awara. Ɗan aji biyu ya fito da kuɗinsa a dunƙule cikin hannu, wani ƙato ɗan aji shida ya tare shi: "Kawo. In ka gaya wa Malam, mu haɗu a hanya in an tashi." Gobe fensir ne, jibi littafin rubutu. Yaron ya koma gida ya ce sun ɓata, uba ya zane shi a kan sakaci. Ya sha zalunci a waje, ya sha bulala a gida, ya kuma koyi cewa yin shiru ya fi.

Wannan cuta ta gama duniya. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zalin 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa kai rabi. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a wannan yanki namu yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Waɗannan alƙaluma suna da fuska da suna, kuma wasunsu a ɗakunanmu suke kwana.

Mu 'yan Jihar Neja mun san zafin a taɓa ɗan makaranta. Ba mu manta da ɗaliban Kagara da aka kwashe a Fabrairun 2021 ba, da ƙananan yaran Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina a ƙarshen Mayun shekarar. Tun daga nan muke kukan katanga da ƙofa da maigadi, kuma da gaskiyarmu. Sai dai katanga ba ta tsare yaro daga wanda suke zama benci ɗaya.

Abin takaicin shi ne wannan ƙasa tamu gidan alƙalami ce. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, wanda littattafansa suka raini ɗaliban Najeriya shekara da shekaru. A nan aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya lashe babbar kyautar adabi ta Booker a Ingila a 1991. Marigayi Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai, ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta Najeriya. Har yau gidauniyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya assasa a wannan gari tana fitar da matasan marubuta tun suna sakandare. Kowane ɗayan waɗannan ya taɓa zama yaro mai haɗa baƙi da ƙyar. Wa ya san yawan irinsu da dariyar aji ta kashe wa gwiwa tun ba su kai aji uku ba?

Na san amsar da wasu za su bayar: "Ai mu ma an ci zalinmu, ga mu mun girma." Gaskiya ne kun girma. To ina sauran da kuka fara aji ɗaya tare, waɗanda suka riƙa maƙalewa a hanya har suka daina zuwa gaba ɗaya? Su ba a jin ta bakinsu a taron iyayen yara. Wasa shi ne wanda kowa ke dariya a cikinsa, kuma in ɗaya ya ce ya isa a daina. In babba ne a kan ƙarami, ko taro a kan mutum ɗaya, kullum kuma wanda ake taɓawa bai canja ba, sunan abin zalunci. Ku duba waɗanda ake zaɓa: mai in'ina, mai nakasa, maraya, mai facaccen yunifom, zabiya, baƙon da rikici ya koro iyayensa daga ƙauye, da wanda harshensa na Nufanci ko Gbagyi ko Fulatanci ko Hausa ke fitowa in yana Turanci. A unguwa irin tamu da kowace ƙabila ke da gida, yaron da ya koyi raina harshen ɗan ajinsu yau, da me zai girma?

Iyaye, da ku zan fara. "Yaya makaranta?" amsarta "Lafiya" ce kullum. Ku tambayi da wa ya ci abincin tara, wa ya sa shi dariya yau, wa ya ɓata masa rai. Ku lura da yagaggiyar riga, da kayan da ke yawan ɓata, da ciwon da ba ya tashi sai ranar makaranta. In ya kawo ƙara, a daina ce masa, "Kai ba namiji ba ne? Je ka rama!" Ku riƙe hannunsa ku je wurin malamin aji. In kuma ɗanku aka kawo ƙara, kada ku ɗaura ɗamara ku tafi yi wa hedimasta rashin mutunci. Ku saurara, domin sau da yawa abin da yaro ya gani a tsakar gida shi yake sauke wa na ƙasa da shi. Sannan ku ware minti goma sha biyar bayan sallar isha ko bayan cin abincin dare, a ajiye waya, yaro ya karanta muku da ƙarfi. Iya, ko ba ki yi boko ba kina da kunne. Ki ce ya karanta, ya ba ki labarin abin da ya karanta, ki sa masa albarka. Wanda ya saba karatu a gaban mahaifiyarsa ba ya rawar murya a gaban aji.

Malamai, mun san nauyin da ke kanku: aji cike maƙil, littafi ba ya isa, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Duk da haka akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Ku kafa doka tun ranar farko cewa a wannan aji ba a yi wa mai karatu dariya. Ku bar yara su gwada karatu biyu-biyu kafin a tsayar da ɗaya a gaban kowa. Ku karɓe bulala daga hannun monita. Kada sunan banza ya fito daga bakin malami, don in Malam ya ce dolo, aji zai riƙe har aji shida. A riƙa jera malamai suna zagayawa lokacin tara, musamman bayan azuzuwa da bakin famfo da banɗaki.

Akwai darasi daga ƙasar Finland. Masana a Jami'ar Turku, ƙarƙashin Farfesa Christina Salmivalli, sun tsara shirin KiVa da aka baza a makarantun ƙasar daga 2009. Tushensa shi ne mai cin zali 'yan kallo yake nema. In aji ya daina yi masa dariya da tafi, ya koma bayan wanda ake zalunta, kasuwarsa ta watse. Don haka 'yan aji biyar da shida, ku ne yayyen makaranta. A haɗa kowannenku da ƙane ko ƙanwa daga aji ɗaya ko biyu, ku riƙa karanta musu labari sau ɗaya a mako. Da wuya ka ƙwace kuɗin taran yaron da jiya ka koya wa haɗa baƙi, da wuya kuma ka tsaya kallo wani yana dukansa.

Masu unguwa, kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, kada mu jira a gina mana laburare. Akwatin ƙarfe da kwaɗo sun isa a fara. In aji yana da yara sittin, kowane gida ya kawo littafin labari ɗaya, kowane yaro ya samu littafi sittin. A sa na Hausa da na Turanci da duk wanda aka samu cikin Nufanci da Gbagyi, domin yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Minna da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso, da masu yi wa ƙasa hidima, ku ba mu awa biyu ranar Asabar. Limamai, aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi; ku kai ta huɗuba da Islamiyya. Fastoci, ku kai wannan magana makarantar Lahadi. Masu shaguna da 'yan acaɓa da masu Keke Napep, hanyar gida a gabanku take. In kun ga an taru a kan yaro ɗaya, ku tsawata. Ɗa na kowa ne.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro ilimin farko na shekara tara kyauta. Zama a benci shekara shida ba tare da iya karanta wasiƙa ba bai cika wannan alkawari ba. Muna neman littattafan karatu a hannun yara, da horar da malamai kan koyar da karatu da sasanta rikicin ɗalibai.

Duniya ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don yaƙi da cin zali a makarantu, amma yaron da ake tarewa a bakin ƙofa ba zai iya jiran Nuwamba ba. A taron iyayen yara mai zuwa, kowa ya je da ƙafarsa, kada a aika. Kada a tashi sai an tsayar da abu uku: malamin da yaro zai kai wa ƙara a asirce, akwatin littattafai a kowane aji, da ranar da manya za su riƙa karanta wa ƙanana. A rubuta sunan wanda ya ɗauki kowane aiki, a dawo ƙarshen zango a tambaye shi. Jama'ar Dutsen Kura, mu tashi! Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu.