Wa Zai Ɗora Kwaɗo a Status?

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. In aka ce kare halittu, hoton giwa da zaki muke ɗorawa. Wa ya taɓa ɗora kwaɗo? Balle laiken, tabon nan toka-toka ko ruwan ɗorawa da ke manne a duwatsu da jikin bishiya.

Su biyun ba dangi ba ne. Kwaɗo dabba ne, ruwa nasa, tudu nasa. Laiken kuwa zaman cuɗanya ne tsakanin dangin naman kaza da gansakuka. Amma aikinsu ɗaya: gargaɗi. Fatar kwaɗo tana tsotse abin da ke cikin ruwa, laiken daga iska yake samun abincinsa. Ruwa ya gurɓace, kwaɗo ne farkon tafiya. Hayaƙi ya yi yawa, laiken ya ɓace.

Kwaɗon zinariya na Kosta Rika, rabon da a gan shi tun 1989. Ƙungiyar IUCN ta ce kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗi suna fuskantar ƙarewa.

Don haka mu daina juye bola da baƙin mai a kududdufin unguwa. Dattin da ya kori kwaɗo, shi ke tsiyaya cikin rijiyoyinmu.