Wa Ya Kashe Ɗumame?

Akwai wata magana da 'yan bokonmu suka riƙe tamkar karatun salla, wai ɓarnar abinci cutar Turawa ce, mu nan yunwa ce damuwarmu. Wannan magana ba ta da tushe. Duk mai musu ya bi lungunan Bolari da safiyar Litinin, bayan an watse daga bukukuwan Asabar da Lahadi, ya leƙa bola da kwata. Zai tarar da shinkafa dafa-duka zube, wata ma ko buɗe robarta ba a yi ba, akuya ta ci ta ƙoshi ta bar wa ƙuda.

A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sulusin abincin da ake samarwa a duniya, wato kimanin tan biliyan 1.3 kowace shekara, ba ya kaiwa bakin kowa. A 2024 kuma hukumar muhalli ta majalisar ta bayyana cewa a 2022 kaɗai an zubar da tan biliyan 1.05 a kantuna da gidajen sayar da abinci da gidajen jama'a, kuma kashi 60 cikin ɗari daga gidajen jama'a ya fito. Gaskiya ne lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, amma abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, an gano tazarar da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin hali irin tamu ba ta taka kara ta karya ba.

Mu fara da ɗan kasuwa. Tumatirin da ake ɗaukowa daga Kwadon da Dadin Kowa a kwando ake lafta shi, a ɗora wani bisa wani, kafin mota ta shigo Gombe na ƙasa ya zama miya. Wanda ya tsira kuma ya wuni a rana gaban mai kayan miya, wanda ya gwammace ya zubar da shi da magariba da ya rage wa talaka farashi da la'asar, wai kada ya ɓata kasuwa. Wace kasuwa? A 2016 Faransa ta kafa doka ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai samu mai saye ba, ta tilasta musu miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji. Su sai da doka. Mu da ake yi wa wa'azin sadaka kowace Juma'a, me muke jira?

Na san amsar da za a ba ni: babu wutar lantarki, babu ɗakunan sanyi, gwamnati ta gaza. Na yarda ta gaza, kuma ba yau ba. To amma da wace wuta kakanninmu suka yanka tumatir suka shanya ya zama kauɗa? Da wane firij aka adana kuɓewa da kuka da tattasai daga kaka zuwa damina? Ranar Gombe ta watan Maris ba ta taɓa kawo wa kowa takardar biyan kuɗi ba.

Babban laifin dai yana cikin gidajenmu, musamman na mu masu albashi. Da can tuwon dare bai san hanyar bola ba. Da safe a zuba masa miya a mai da shi wuta, ya zama ɗumame, yaro ya ci ya tafi makaranta da ƙarfinsa. Ƙanzon tukunya ma kankare shi ake yi a shanya. Yau ɗumame ya zama abin kunya, alamar talauci. Yaran gida sun fi son shayi da burodi, uwargida kuwa tana tsoron kada maƙwabta su ji ƙamshinsa su raina mai gida. Sai a bar tuwon a tukunya har ya yi yauƙi, sannan a tuna da almajiri. Wannan ba sadaka ba ce, mai da ɗan mutane kwandon shara ne. In azumi ya kama kuwa abin ya fi muni: a jera kunu da ƙosai da dankali da farfesu da shinkafa, mai azumi ya cika cikinsa da ruwa, da asuba a kwashe saura. Duk wannan bayan cire tallafin man fetur a 2023, lokacin da kuɗin mudun masara ya gagari maƙwabcin da katanga ɗaya ce tsakani.

Masu unguwa da limaman Bolari suna da bakin da za su tsawata wa masu biki a kan dafa abin da ya fi ƙarfin baƙi, kamar yadda ake tsawatawa a kan tsadar lefe. Shugabannin 'yan kasuwa kuma su yanke lokaci, a ce daga sallar la'asar duk kayan miyan da ba zai kwana ba a karya farashinsa, abin da ya rage a yanka a shanya kafin gari ya waye.