Dukan Sabon Shiga Ba Horo Ba Ne

Jama'a, yau zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan al'ada ta wasu wuraren motsa jiki a garin nan, ta a ɗauki ɗalibin da ya zo koyon damben zamani yau yau ɗin nan a haɗa shi da wanda ya shekara uku yana naushi, wai a gwada zuciyarsa, ba horo ba ce. Mugunta ce kawai.

Tun da aka dawo hutu nake ganin 'yan'uwa daga KASU reshen Kafanchan, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da makarantar koyon aikin jinya, suna sha'awar shiga dambe, karate ko tekwando. Na ji daɗi, domin ya fi zaman majalisa da danna waya har asuba. Amma ni da idona na ga yaro ya je ranar farko ya dawo hostal da leɓe a fashe, kai na sarawa, ga gwaji washegari. Bai sake komawa ba, aka ce wai rago ne. Ba rago ba ne, hankali gare shi.

Duk kocin da ya san aikinsa ya san da rarrafe yaro kan tashi. Makonnin farko na tsayuwa ne, da taku, da ɗaga hannu a kare haɓa, da numfashi, da tsallen igiya. Sai naushin iska, sannan dukan buhu. Karawa da mutum sai daga baya, a hankali, da sa'anka a nauyi da ƙwarewa, koci na tsaye a kanku. Shi ya sa a karate da tekwando ake fara wa kowa da farar ɗamara, don a san sabo ne a lallaɓa shi.

Na san abin da za a ce: "Mu ma haka aka yi mana." To, don an zalunce ka sai ka rama a kan ƙaninka? Wasu kuma su ce ai damben gargajiya babu wannan lallashi. Wa ya gaya muku? A filin dambe ba a kamo ɗan koyo a tsayar da shi gaban irin su Shago da Ɗan Anace ya waƙe. Yara da sa'o'insu suke farawa. Kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya tsaya. Iyayenmu ma sun san iyaka.

Ku da ke karatun jinya kun fi ni sani. Naushi a kai yana girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙonta, ko da mutum bai suma ba. Ciwon kai, jiri, amai, mantuwa, gani biyu-biyu, duk alamu ne. In aka sake dukan kan kafin ya warke, haɗarin ya fi na farko. Shi ya sa a dokar damben 'yan wasan da ba ƙwararru ba, wanda aka sumar sai ya huta aƙalla kwana 30. Mu kuma a nan sai a watsa maka ruwa a ce tashi, kai namiji ne. Da wannan kan fa za ka rubuta jarrabawa, shi iyayenka suke biya wa kuɗin makaranta.

Nojim Maiyegun ya kawo wa Najeriya lambarta ta farko ta Olamfik a dambe, a Tokyo, 1964. Chika Chukwumerije ya ci tagulla a tekwando a Beijing, 2008. Irin waɗannan shekaru ake yi ana gina su. Wa ya sani ko akwai irinsu a Kagoro ko Zonkwa, amma an kore su da duka tun ranar farko?

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ki biya ko sisi, je ki zauna ki kalli horo ɗaya. Duba ko ana ɗaure hannu da bandeji, ko akwai safar dambe mai kauri da robar kare haƙora. Tambayi koci a ina ya koya, kuma yaushe sabo ke fara karawa. In ya ce "yau", ɗauki jakarki. In an taɓa ka a kai ka ji jiri, tsaya nan take, wuce asibiti, kada kunya ta hana ka.

Ku kuma kocinmu, muna girmama ku, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku raba sababbi da tsofaffi, ku tsawata wa masu huce haushinsu a kan yara. Wanda yake da wata hujja ta dukan sabon shiga, ya kawo ta a ƙasa, ina saurare.